Gasar Derby ta Epsom: Shekaru 245 na sukuwa da zakarun da sunayensu ba su ɓace ba

Duk ranar da Manchester United za ta kara da Manchester City, ko Arsenal da Tottenham, gidajen kallon ƙwallo na Dutsen Kura a Minna kan cika tun kafin alƙalin wasa ya busa usur. Matasa kan ce yau akwai "dabi", wato wasan hamayya tsakanin ƙungiyoyi biyu na gari ɗaya. Kaɗan daga cikinsu ne suka san cewa wannan kalma ta girmi ƙwallon ƙafa ta zamani da shekaru fiye da 80, kuma mafi yawan masana harshen Ingilishi suna danganta asalinta da filin sukuwa. Sunan wata gasar tseren dawaki ce da ake yi kowace shekara a garin Epsom, kudu da birnin Landan, tun daga 1780.

Doki ba baƙo ba ne ga mutanen Minna. Ranar hawan Sallah jama'a kan yi dafifi daga Dutsen Kura da Bosso da Limawa da Kpakungu domin ganin Mai Martaba Sarkin Minna, Alhaji Umar Faruk Bahago, da mahayansa. Garin yana da filin folo, ga kuma Bida a kusa, inda sukuwa take da daɗaɗɗen tarihi da magoya baya. Sai dai akwai wata tambaya da ba ta da saurin amsa a filayen sukuwa na Arewa: wane doki ne ya zo na ɗaya a babbar gasa shekaru 20 da suka wuce, na wane ne, wa ya hau shi, kuma a minti nawa ya kammala? A Epsom, amsar irin wannan tambaya tana nan a rubuce game da kowace shekara, tun daga tseren farko. Wannan rubutu shi ne ya mayar da wasan sarakai na yini ɗaya ya zama ma'aunin da duniya ke gwada dawaki da shi.

Yadda aka fara

A shekarar 1779 wasu manyan Ingila suka shirya tsere na 'yan goɗiyoyi masu shekara uku, suka raɗa masa suna Oaks, sunan gidan da Edward Smith-Stanley, basaraken Derby na 12, yake sauka kusa da Epsom. Goɗiyarsa mai suna Bridget ce ta yi nasara. A wurin walimar murna aka yanke shawarar a ƙara wani tseren a shekara mai zuwa, wanda ingarmu da goɗiyoyi za su shiga tare. Labarin da ya shahara ya ce kuɗi aka jefa sama domin zaɓen sunan wanda za a sa wa gasar, tsakanin mai masaukin da abokinsa Sir Charles Bunbury, sai sa'a ta faɗa kan basaraken Derby.

An yi tseren farko ranar 4 ga Mayu, 1780. Dawaki tara suka fito, tazarar kuma mil ɗaya ce. Abin mamaki, dokin Bunbury mai suna Diomed ne ya zo na ɗaya, wato wanda ya rasa suna ya samu kofi. Shi kuwa basaraken Derby sai a 1787 ya ci gasar da ke ɗauke da sunansa, da dokinsa Sir Peter Teazle.

Rayuwar Diomed bayan nan ta isa labari ita kaɗai. Darajarsa ta faɗi a Ingila, har aka sayar da shi da araha yana da shekara 21, aka kai shi Amurka a 1798. A jihar Virginia sai ga tsohon doki ya zama uban zuriya. Daga tsatsonsa aka samu Sir Archy, daga baya kuma Lexington, ɗaya daga cikin ingarmun da suka fi tasiri a tarihin dawakin Amurka. Aristides, dokin da ya ci gasar Derby ta Kentucky ta farko a 1875, jikan Lexington ne ta wajen uwa, kuma wanda ya hau shi a ranar baƙar fata ne mai suna Oliver Lewis. Ana iya bin wannan salsala daki-daki saboda an rubuta ta.

Filin da ƙa'idojinsa

Derby sukuwar fili ce, babu tsallake shinge ko rami. Tun daga 1784 aka ƙara tazararta zuwa mil ɗaya da rabi, kimanin mita 2,400. Dawaki masu shekara uku kaɗai ke shiga, saboda haka kowane doki sau ɗaya tak yake da damar gwada sa'arsa a duk rayuwarsa. Ba a yarda da dandaƙaƙƙen doki ba, domin manufar gasar ita ce a gano wanda ya cancanci ya haifi na gaba. Nauyi ɗaya kowane ingarma ke ɗauka, kimanin kilo 58 idan aka haɗa mahayi da sirdi, goɗiya kuma a rage mata kaɗan. Ana auna mahayi kafin tsere da kuma bayansa.

Duk da sunan sukuwar fili, filin Epsom ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Siffarsa kamar kofaton doki take. Daga wurin tashi dawaki kan yi hawa na kimanin mita 40, sannan su gangaro da gudu zuwa wata kwana ta hagu mai suna Tattenham, daga nan su miƙe zuwa ƙarshe a kan hanyar da ta karkace gefe guda, ta kuma ɗan sake hawa dab da layin ƙarshe. Dokin da ke da gudu amma ba shi da juriya, hawan farko kan cinye ƙarfinsa. Wanda ke da juriya amma ba shi da daidaito a ƙafa, gangaren kan watsar da shi. Wannan ne ya sa masu kiwon dawaki suka amince da hukuncin Epsom.

A ƙarni na 19 har majalisar dokokin Birtaniya kan ɗage zamanta saboda ranar Derby. An daɗe ana yin ta ranar Laraba, sai a 1995 aka mayar da ita Asabar ta farkon watan Yuni. Yaƙe-yaƙen duniya biyu ba su dakatar da ita ba: an kai ta garin Newmarket daga 1915 zuwa 1918, da kuma daga 1940 zuwa 1945. A 2020, lokacin annobar korona, an yi ta a watan Yuli babu 'yan kallo.

Jinin gabas da littafin asali

Duk dokin da ya taɓa cin Derby a zamanin nan, idan aka bi salsalarsa ta wajen uba, za ta tuƙe ga ɗaya daga cikin ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen Musulmi. Na farko shi ne Byerley Turk, wanda ya iso a ƙarshen ƙarni na 17. Na biyu Darley Arabian, wanda aka sayo a Halab ta ƙasar Siriya aka kawo a 1704. Na uku Godolphin Arabian, wanda ya biyo ta Tunisiya da Faransa kafin ya isa Ingila wajen 1729. Wasu masana suna ganin na ukun dokin Arewacin Afirka ne, irin waɗanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da su zuwa Borno da ƙasar Hausa shekaru aru-aru. Idan haka ne, akwai dangantaka ta nesa tsakanin zakarun Epsom da dawakin da ke ɗaure a turakun Arewa.

Daga tsatson Darley Arabian aka haifi Eclipse a 1764, dokin da ya shiga tsere 18 ba a taɓa wuce shi ba. 'Ya'yansa uku suka ci Derby a cikin shekaru biyar na farko: Young Eclipse a 1781, Saltram a 1783, da Serjeant a 1784. A yau mafi rinjayen dawakin tsere na duniya daga wannan gida suka fito ta wajen uba.

Abin da ya ba da damar sanin duk wannan shi ne littattafai biyu. Tun 1727 wani mutum mai suna John Cheny ya fara buga sakamakon tseren dawaki na kowace shekara, aikin da iyalin Weatherby suka karɓa a 1773. A 1791 kuma James Weatherby ya fara fitar da littafin asalin dawaki, wanda ke nuna uwa da uban kowane ɗan duƙushi. Har yau iyalin ne ke riƙe da wannan aiki. Bahaushe ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma sai an san uban kafin a yi maganar gado.

Dokin bogi na 1844

Amfanin rubutu ya bayyana ƙarara a 1844. A shekarar wani doki da aka shigar da sunan Running Rein ne ya zo na ɗaya. Tun kafin tseren ana ta raɗe-raɗin cewa ya wuce shekara uku. Lord George Bentinck ya ɗauki nauyin bincike, ya bi sawun dokin daga hannu zuwa hannu, har aka gano cewa ainihin sunansa Maccabeus, shekararsa huɗu, kuma an yi amfani da rinin gashi domin a sauya kamanninsa. Tsakanin mai shekara uku da mai huɗu akwai tazarar ƙarfi mai yawa, kamar yadda duk mai barga ya sani. Magana ta kai kotu, alƙali ya ce a kawo dokin a duba bakinsa, sai aka neme shi aka rasa. Aka ƙwace nasarar aka ba Orlando, dokin Kanar Jonathan Peel, ƙanen firaministan wancan lokaci. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Tun daga nan aka ƙara tsaurara tantancewa. A yau kowane dokin tsere yana da takardar shaida mai nuna launinsa da tabonsa, ana gwada jininsa da na iyayensa, ana kuma dasa masa wata 'yar na'ura a wuya mai ɗauke da lambarsa. Domin sauƙin lissafi, duk dokin tsere a Turai ana ƙara masa shekara ranar 1 ga Janairu, ko a wane wata aka haife shi.

Goɗiyoyi da sarakuna da ranar baƙin ciki

Goɗiyoyi shida ne kawai suka taɓa cin Derby: Eleanor a 1801, Blink Bonny a 1857, Shotover a 1882, Signorinetta a 1908, Tagalie a 1912, da Fifinella a 1916. Fiye da shekaru 100 ke nan babu wadda ta sake yi. Sau biyu aka yi kunnen doki a matsayi na ɗaya. A 1828 Cadland da The Colonel suka sake karawa su biyu, Cadland ya yi nasara. A 1884 kuwa masu St. Gatien da Harvester suka amince a raba kyautar.

Baƙi ma sun shigo. A 1865 dokin Faransa mai suna Gladiateur ya yi nasara, Faransawa suka riƙa murna suna cewa ya rama musu kayen da aka yi wa Napoleon a Waterloo. A 1881 Iroquois ya zama dokin Amurka na farko da ya ci.

Sarauta ba ta sayen wannan kofi. Sarki ɗaya ne kawai ya ci Derby yana bisa gadon sarauta, wato Edward na Bakwai da dokinsa Minoru a 1909. Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda ta yi shekaru 70 tana mulki kuma ta shahara da son dawaki, ba ta taɓa ci ba. A 1953, kwana huɗu bayan bikin naɗinta, dokinta Aureole ya zo na biyu. A 2011 kuma Carlton House ya zo na uku.

Ranar 4 ga Yuni, 1913 ita ce mafi muni a tarihin gasar. Wata mai fafutukar neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, Emily Wilding Davison, ta kutsa cikin fili a kwanar Tattenham dawaki na tsakiyar gudu. Anmer, dokin Sarki George na Biyar, ya banke ta, ta rasu bayan kwana huɗu. A wannan tsere dai aka soke nasarar Craganour saboda ya tare wa wasu hanya, aka ba Aboyeur, wanda kusan babu wanda ya sa masa rai. Bayan shekara biyar wani rukuni na matan Birtaniya ya samu 'yancin zaɓe.

Gidan Aga Khan da ɓatan Shergar

A ƙarni na 20 babu gidan da ya yi fice a Epsom kamar na Aga Khan, shugaban mabiya Isma'iliyya. Aga Khan na Uku ya ci sau biyar: Blenheim a 1930, Bahram a 1935, Mahmoud a 1936, My Love a 1948, da Tulyar a 1952. Bahram ya shiga tsere tara bai sha kaye ba, ya kuma haɗa manyan kofuna uku na dawaki masu shekara uku a kaka ɗaya. Dawaki 15 ne kawai suka taɓa yin wannan bajinta a Ingila, daga West Australian a 1853 zuwa Nijinsky a 1970, kuma tun daga Nijinsky ba a sake ba.

Jikansa, Aga Khan na Huɗu, wanda ya rasu a watan Fabrairun 2025, shi ma ya ci sau biyar: Shergar a 1981, Shahrastani a 1986, Kahyasi a 1988, Sinndar a 2000, da Harzand a 2016. A cikinsu Shergar ne duniya ba ta manta ba. Wani matashi ɗan shekara 19, Walter Swinburn, shi ya hau shi, ya kuma ba na biyu ratar tsawon doki goma, wadda ita ce mafi girma a tarihin gasar. Bayan ya yi ritaya aka ƙiyasta darajarsa fam miliyan 10, aka ajiye shi a gidan kiwo na Ballymany a ƙasar Ailan.

Daren 8 ga Fabrairu, 1983 wasu mutane ɗauke da bindigogi suka shiga gidan suka tafi da shi, suka nemi kuɗin fansa fam miliyan biyu. Masu hannun jari a dokin suka ƙi biya, domin suna ganin idan aka biya sau ɗaya, babu dokin da zai sake kwana lafiya a barga. Ba a sake ganin Shergar ba, ba a gano gawarsa ba, ba a kuma hukunta kowa ba. Mai karatu a Jihar Neja, inda satar dabbobi da garkuwa domin fansa suka addabi ƙauyuka, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan irin wannan rashi.

Mahaya da masu horarwa

A cikin mahaya, Lester Piggott ne ke kan gaba da nasara tara. Ya fara da Never Say Die a 1954 yana ɗan shekara 18, ya rufe da Teenoso a 1983. A tsakani ya hau Sir Ivor a 1968 da Nijinsky a 1970 da The Minstrel a 1977. Wasu kuwa sun sha jira. Gordon Richards, wanda ya fi kowa yawan nasarori a zamaninsa, sai a gwajinsa na 28 ya samu, a kan Pinza a 1953, kuma shi ne ya hana dokin sabuwar Sarauniya zuwa na ɗaya. Frankie Dettori ɗan Italiya ya gwada sau 14 bai dace ba, sai a na 15 da Authorized a 2007, ya kuma sake da Golden Horn a 2015.

A cikin masu horarwa, Aidan O'Brien na ƙasar Ailan ya kafa tarihin da zai yi wuyar kamowa, da nasara 11 daga 2001 zuwa 2025. Dokin da ya fara ba shi kofin shi ne Galileo, wanda daga baya ya zama uban zakarun Derby biyar: New Approach a 2008, Ruler of the World a 2013, Australia a 2014, Anthony Van Dyck a 2019, da Serpentine a 2020. Masar, zakaran 2018, ɗan New Approach ne, wato kaka da uba da jika duk sun ci gasa ɗaya. Uwar Galileo, goɗiya mai suna Urban Sea, ta haifi wani zakaran, Sea The Stars, wanda ya ci a 2009. Kyautar gasar a 2025 ta kai fam miliyan ɗaya da rabi, amma babban kuɗin yana zuwa ne bayan tsere, lokacin da masu goɗiyoyi daga ko'ina suke biya domin a yi musu barbara da zakara.

Dawowar Larabawa

Daga shekarun 1980 attajirai da 'ya'yan sarautar ƙasashen Larabawa suka shiga harkar da ƙarfi. Sheikh Hamdan bin Rashid Al Maktoum na Dubai ya ci da Nashwan a 1989 da Erhaab a 1994. Yarima Khalid bin Abdullah na Saudiyya ya ci da Quest for Fame a 1990 da Commander in Chief a 1993, sannan da Workforce a 2010, wanda ya kammala cikin minti 2 da daƙiƙa 31.33, wato gudun kusan kilomita 58 a awa, lokaci mafi sauri da aka taɓa yi a gasar.

Labarin Lammtarra na 1995 ya fi taɓa zuciya. Wanda ya fara horar da shi, Alex Scott, wani ma'aikacinsa ya harbe shi har lahira a 1994. Dokin kansa ya yi rashin lafiya mai tsanani a Dubai. Duk da haka ya zo Epsom a tserensa na biyu kacal a rayuwa, ya yi nasara, ya kuma karya tarihin lokacin da Mahmoud ya kafa tun 1936. Sau huɗu ya yi tsere, bai sha kaye ba.

Sheikh Mohammed bin Rashid, Sarkin Dubai, ya raɗa wa rukunin dawakinsa na tsere suna Godolphin, gidan kiwonsa kuma Darley, domin tunawa da ingarmun gabas da aka kai Ingila shekaru kusan 300 da suka wuce. Godolphin ta ci da Masar a 2018 da Adayar a 2021. Sauran zakarun baya-bayan nan su ne Wings of Eagles a 2017, Desert Crown a 2022, Auguste Rodin a 2023, City of Troy a 2024, da Lambourn a 2025.

Akwai abin da ba za a ɓoye ba: a Birtaniya caca ta cuɗanya da tseren dawaki, kuma ita ce ta haifar da zambar 1844. Amma misalin ƙasashen Larabawa ya nuna ana iya raba su. Dubai ta fara gasarta ta duniya a 1996, Saudiyya ta fara tata a 2020 da kyautar dala miliyan 20, mafi tsoka a duniya, kuma a filayen biyu ba a buɗe rumfunan caca. Sukuwa kanta tana da asali a Musulunci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina, ya ware horarru daban da waɗanda ba a horar ba, kowane rukuni da tazararsa. Ruwayar ta adana har sunayen wuraren tashi da na tsayawa.

Sukuwa a gida

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta sun daɗe da doki. Sarautu irin su Madawaki da Sarkin Dawaki da Shamaki shaida ne. Harshen ma yana da suna ga kowane launi: akawali, da bidi, da danda, da gunya, da hurde, da kili. Rundunar dawakin Nupe ce ta tari sojojin kamfanin Turawa a Bida a watan Janairun 1897. A wannan shekara dai aka fara gasar Durban ta watan Yuli a Afirka ta Kudu, wadda har yau ake yi, kuma an san dokin da ya ci ta farko, Campanajo.

A zamanin mulkin mallaka an buɗe filayen sukuwa a manyan garuruwa. A filin sukuwa na Legas aka sauke tutar Birtaniya aka ɗaga ta Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960, kafin a mayar da shi Dandalin Tafawa Ɓalewa. Na Kaduna, inda aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956, shi ne Dandalin Murtala a yau. Kano na da nata filin sukuwar. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya shahara da son dawaki, a hannunsa kuma wasan folo ya kafu a Katsina, ɗansa Usman Nagogo ya ɗora. A Bida, Etsu Nupe Alhaji Yahaya Abubakar yana cikin sarakunan da ke riƙe da wannan al'ada a yau. A Jamhuriyar Nijar ma filayen Yamai da Maraɗi ba su daina tara jama'a ba.

Dokin sukuwar da ya fi kowane suna a ƙasar Hausa shi ne Ɗanfilinge, dokin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, wanda sunansa ke nuni da garin Filinge na Nijar. Dalilin da ya sa har yau ake ambatonsa shi ne waƙar "Dokin Iska" ta Ibrahim Narambaɗa. Waƙa ta yi aikinta, ta riƙe sunan doki da na ubangidansa da irin kwarjininsa. Sai dai waƙa ba ta riƙe kwanan wata ko yawan mita ko daƙiƙa, kuma ba kowane zakara ne ya yi sa'ar samun makaɗi ba. Dawakin da suka yi zamani da Ɗanfilinge, waɗanda suka ba shi wahala a fili, yawancinsu sun tafi tare da dattawan da suka gan su.

Asarar ba ta tsaya ga tarihi ba. Inda babu rubutu, mai sayen doki ya dogara ne ga bakin dillali game da shekaru da asali. Mai kiwo ba shi da hujjar da zai ɗaga farashin ɗan duƙushin da zakara ya haifa. Idan gardama ta tashi kan cewa an shigar da doki rukunin da ba nasa ba, babu takardar da za a buɗe. Mai tallafa wa gasa da kuɗi kuma yana son ya ga abin da zai ɗore da sunansa.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowace masarauta ko ƙungiyar masu dawaki ba: littafi guda da za a riƙa shigar da ranar tsere, da fili, da tazara, da sunayen dawaki uku na farko, da launinsu da shekarunsu da iyayensu, da mai doki, da mahayi, da lokacin da aka yi. Game da abin da ya wuce, tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, da takardun Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da na Arewa House a Kaduna, wurare ne da mai bincike zai fara dubawa. Tsofaffin mahaya da masu kula da barga da ke raye a Bida da Kontagora da Minna su ne sauran shaidu, kuma ba za su jira har abada ba.

Matasan Dutsen Kura da ke zuwa kallon sukuwa da kilisa suna ɗauke da wayoyi, bidiyon dawaki kuma ya cika Facebook da TikTok. Mafi yawansa ba ya ɗauke da sunan doki ko ranar da aka ɗauka. Ƙara waɗannan layuka biyu a ƙarƙashin kowane bidiyo somin-taɓi ne. Bayanin Derby ta farko ma bai wuce 'yan layuka ba: 4 ga Mayu, 1780, mil ɗaya, dawaki tara, Diomed na Sir Charles Bunbury, mahayi Sam Arnull.